Allurar Baya ko Barci: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Tiyatar Haihuwa

Allurar baya da ake yi don kashe zafi iri biyu ce, sifainal da efidura, ko da yake mata da yawa ɗaya suke ɗaukarsu. Ta sifainal ana soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu har ta kai ruwan laka, a zuba maganin kashe jiki mai suna bupivacaine kamar miligiram 10 zuwa 12. Cikin minti biyar ƙafafu sun yi nauyi, jiki ya mutu har saitin nono, ya ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In tun a wajen awo aka sa ranar aiki, ita ce zaɓi. Aibinta faɗuwar awon jini, shi ya sa ake ɗan karkata ki hagu, a ajiye maganin ɗaga awon jini, ephedrine ko phenylephrine, a kusa.

Efidura kuwa ba ta huda rigar laka, wato fatar da ta naɗe laka da ruwanta. Siririn tiyo ake bari a bayan rigar don rage zafin naƙuda. In haihuwa ta gagara aka koma tiyata, sai a ƙara maganin kashe jiki mai suna lidocaine mililita 15 zuwa 20 ta tiyon, a jira minti goma zuwa sha biyar.

Rigimar tana tasowa ne in wannan ƙarin bai kama ba, aka ce a koma sifainal. Ruwan da aka riga aka ɗura ya matse jakar laka, don haka maganin da ya kamata ya tsaya a ƙirji sai ya haura sama: hannuwa su mutu, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya ragu. Akwai kuma akasin haka. Likita na iya ganin ruwa yana ɗigowa daga allura ya zaci ruwan laka ne, alhali maganin efidura ne, allurar ta tashi a banza. Don gudun haurawar maganin ne ƙwararru ke rage shi, ko su jinkirta kamar rabin awa in halin jariri ya bari.

Barci gaba ɗaya sai dole: zubar jini mai yawa, jinin da ba ya daskarewa, ko gaggawar da ba ta jira. Haɗarinsa amai ya faɗa huhu.

Ki nemi ganin likitan sa barci tun kafin ranar. In kina shan maganin tsinka jini, ki faɗa masa sunansa da lokacin da kika sha na ƙarshe.