Canza batirin waya tana kunne: wacce za ka saya, kuma ko kana buƙatar hakan?

Wani ƙanina mai sana'ar POS a bakin kasuwa ya same ni kwanakin baya da buƙata. "Yaya, waya mai cire batir nake nema. In sayi batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a wajen mai caji. Da wannan ya yi ƙasa sai in zare in zura wancan, ba sai ta mutu ba." Farkon maganarsa babu matsala. Ƙarshenta ne ya sa na ce ya nemi wuri ya zauna tukuna, domin waya mai cire batir daban ce, wayar da za a cire wa batir ta ci gaba da aiki kuma daban ce, kuma tsakanin farashinsu akwai tafiya mai nisa.

Dalilin da ya sa waya take mutuwa da zarar an ɗaga batir ba ɓoyayye ba ne. Duk abin da take riƙe da shi a wannan lokacin, kiran da ake yi, manhajar da ke buɗe, fom ɗin da ka cike rabi, yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ba ta rayuwa sai da wuta. Ko ƙiftawar ido aka yanke mata, ta mance komai. To me zai hana a jona caja ta riƙe ta? Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Caja tana turo wutarta ne a hankali, daidai wa daida. Ita kuwa waya ba haka take sha ba, kurɓa take yi. A kan sabis na 2G, duk lokacin da take aika sauti zuwa turken sadarwa takan fizgi wuta har kusan amfiya 2 na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ta saki, ta sake fizga. Batir shi ne randar da take kamfata daga ciki, caja kuwa famfo ne mai zuba a randar. Ka ɗauke randar, famfon ba zai iya da ita ba. Ƙari a kan haka, in ka duba batir za ka ga ƙafafunsa uku ko huɗu ne, ba biyu ba. Sauran na auna zafinsa ne da kuma shaida wa waya cewa akwai batir. Wayoyi da yawa da zarar sun daina jin wannan ƙafar sai su kashe kansu, ko da caja na jone.

Waya mai cire batir ta gama-gari

Wannan shi ne zaɓin da ya fi kusa da aljihu, kuma shi ne mafi yawan masu wannan tambayar suke buƙata ba tare da sun sani ba. Ka kashe waya, ka ɓalle murfi, ka musanya, ka kunna. Minti ɗaya zuwa biyu ka dawo daga kashi 5 zuwa kashi 100, abin da babu cajar da za ta yi maka shi. Asararka ita ce sai ka sake saka lambar sirri, domin yatsa ba ya buɗe waya a kunnawar farko, sannan ka sake buɗe manhajojinka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A sababbin wayoyi, dangin Galaxy XCover na Samsung ne suka fi riƙe wannan al'ada. XCover6 Pro ta 2022 da XCover7 ta 2024 duk batirinsu mAh 4,050 ne (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), XCover7 Pro ta 2025 kuma 4,350. Murfinsu da farce ake ɓalle shi, amma duk da haka suna da shaidar IP68 ta jure ruwa da ƙura, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zama bakin titi lokacin hunturu. Ba wayoyin gayu ba ne. Suna da kauri, kyamararsu ta rufin asiri ce, don an yi su ne domin ma'aikatan gini da na ɗakunan ajiya.

Sai Fairphone, kamfanin ƙasar Holan. Fairphone 4 ta 2021 tana da mAh 3,905, Fairphone 5 ta 2023 kuma 4,200, dukansu da hannu ake cire batirin, kuma kamfanin ya yi alƙawarin ci gaba da sabunta manhajar ta biyar ɗin har 2031. Sai dai babbar kasuwarsu Turai ce. In batirin ya mutu maka a Kano, kada ka sa rai za ka shiga Farm Centre ka fito da shi a ranar. A kula kuma, wadda suka fitar a 2025 sai da sukudireba ake kai wa ga batirinta, don haka ta gyara ce, ba ta musanya a tsaye ba.

A can ƙasa akwai ƙananan Nokia irin C02 da C12 masu mAh 3,000. Suna cire batir, suna da araha, amma ƙarfinsu na kira ne da WhatsApp.

Tsofaffin manya kuwa, irin Galaxy S5 da Note 4 na 2014, ko LG G5 da V20 na 2016, shawarata a bar su ga masu sha'awar tarihi. Android ɗinsu ya tsufa har wasu manhajojin banki ba sa hawa, LG ma ya bar harkar waya tun 2021. Batirin da za a ba ka a ce sabo ne, ko dai jabu ne ko kuma ya shekara da shekaru a kwali, shi kuwa batirin litiyam ko ba a taɓa shi ba yana tsufa.

Abin da masu saye suka fi mancewa shi ne inda za a caja batir na biyun. In babu wata caja ta waje, dole a cikin wayar za ka cika su ɗaya bayan ɗaya, ka ga an koma gidan jiya. Cajar nan mai ƙafafu biyu da muke maƙala wa batirin BL-5C na Nokia a da tana iya yi, amma yawancinsu a bolt 4.2 suke tsayawa, alhali batiran zamani sai sun kai 4.35 ko 4.4 suke cika. Za ta nuna maka ya cika, ka saka a waya ka ga da saura.

Dabarar jona caja a zare batir

Akwai wayoyin da suke jurewa, akwai masu mutuwa nan take, akwai kuma masu shiga kunnuwa da mutuwa har sai an mayar da batir. Babu wanda zai gaya maka wacce ce wacce ta hanyar kallon kwali. PinePhone, wata waya mai amfani da tsarin Linux, misali ce mai kyau: tana iya tashi da caja kaɗai, amma ɓangaren layi da Wi-Fi ɗinta kai tsaye daga batir suke shan wuta, saboda haka allon yana kunne amma babu kira babu intanet. Ga mai POS wannan da mutuwa duk ɗaya ne.

Za ka ga masu gyara suna kunna waya ba batir a kan teburinsu, ka ce ai ga shi yana yiwuwa. Na'urarsu tana ba da wuta ne kusan bolt 4 ta kan ƙafafun batirin kansu, wato tana kwaikwayon batir ne, ba ta ramin caja take bi ba. Ni dai ba zan gina sana'a a kan wannan dabarar ba. In wuta ta yanke daidai lokacin da waya ke rubutu a memori, fayil na iya lalacewa. Wanda kuma ya ce zai liƙa maka kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci, a ciki don ta riƙe wuta, ka tambaye shi ko ya taɓa yi wa tasa.

Na'urorin da aka ƙera domin wannan aikin

Su ne kaɗai za a ce suna canza batir a kunne da gaske, kuma sirrinsu ɗaya ne: akwai ma'ajiyar wuta ta biyu a ciki, ko dai babbar kafasita ko ƙaramin batir na ko-ta-kwana. Kamfanonin Amurka irin Zebra da Honeywell ne suka shahara da su. Su ne wayoyin nan masu kauri da ake gani a hannun ma'aikatan manyan kantuna da masu kai saƙo, masu fitilar karanta lambar kaya a ka.

A nan ma iri biyu ne, kuma dillali ba lallai ya bambance maka ba. Na farko barci yake sa na'urar. A Zebra TC52, alal misali, sai ka danne maɓallin kunnawa, ka zaɓi Battery Swap, ka jira jar fitilar ta mutu, sannan ka zare. Tana riƙe abin da ke ƙwaƙwalwarta na ɗan lokacin da bai wuce minti biyu ba. Manhajojinka suna nan yadda ka bar su, amma kiran da kake yi ya tafi. Na biyun, wanda ake samu a manyan nau'o'in TC53 da TC58, babu wani shiri: ka zare kawai ka zura, haɗin intanet ɗin ma yana nan muddin ba ka wuce 'yan daƙiƙoƙi ba.

Ga tarkon da ya fi kama masu sayen na hannu. TC52 da TC53 ba su da gurbin layi kwata-kwata, Wi-Fi kaɗai suka sani, don a cikin gini aka yi su su zauna. Masu ɗaukar layi su ne TC57 da TC58. Lamba ɗaya ce ta raba su, kamanninsu kuwa kamar an tsaga kara. Bayan wannan, da yawa daga waɗanda ke shigowa a gwanjo kamfanonin da suka yi amfani da su sun kulle su da manhajar sa ido, ba za ka iya saka komai ba. Kafasitar ma tana gajiya da shekaru, kuma ko sabuwa ce sai an ba ta mintuna ta sake cika kafin musanya ta gaba. Sabuwarsu dal kuwa farashinta na kamfani ne, ba na mutum ɗaya ba.

In aikinka zai yiwu a kan babban allo, Samsung ya fitar da Galaxy Tab Active5 Pro a 2025 da batir biyu, jimillarsu mAh 10,100. Ana zare ɗaya, ɗayan na riƙe da na'urar. A ganina wannan ita ce hanya mafi tsafta, don ba tseren daƙiƙa kake yi ba. Masu tsofaffin kwamfutocin ThinkPad, daga T440 zuwa T480 ta 2018, sun san daɗin wannan tsari: batir ɗaya a ciki, ɗaya a baya, ka zare na bayan kana tsakiyar rubutu. Dangin Tab Active ɗin suna kuma da abin da Samsung ya kira No Battery Mode, inda na'urar ke aiki ba batir sam a kan caja mai ƙarfi. An yi shi ne domin wadda aka kafe a mota ko a kanti, don kada zafi ya kumbura batir. A inda wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, sai in a kan sola ko inbata za ka ɗora ta.

Fawa bank

Kunya ta hana mutane faɗa, amma wannan ne ke biyan ainihin buƙatar, wato kada waya ta mutu, kuma da wayar da ke hannunka yanzu. Lissafinsa ne kawai ya kamata a sani. Wanda aka rubuta wa mAh 10,000, a bolt 3.7 na ƙwayoyin cikinsa aka auna, kimanin wat-awa 37 ke nan. Kafin wutar ta hau bolt 5, ta bi igiyar caji, ta sake sauka cikin batirinka, wani kaso ya tafi a zafi. Wayar mAh 5,000 za ta samu cika ɗaya da kusan rabi, ba biyu ba. Wanda ka ga an rubuta masa 50,000 amma ba shi da nauyi a hannu, ajiye shi. Mai hawa jirgi kuma ya sani cewa iyakar da aka saba yarda da ita wat-awa 100 ce, kusan mAh 27,000, kuma a jakar hannu.

Illarsa biyu ce. Caji ana aiki a rana yana dafa batir, zafi kuwa shi ne babban makashinsa. Sannan ramin caja yana sakwarkwacewa in kullum da igiya a rataye.

Wani zai ce a jira dokar Tarayyar Turai. Gaskiya ne dokarsu ta batir ta 2023 ta ce daga 18 ga Fabrairun 2027 ya zama mai na'ura zai iya canza batirinta da kansa. Amma "da kansa" ɗin ya haɗa da amfani da sukudireba, akwai sassauci ga wayoyin da batirinsu ke daɗewa kuma suke jure ruwa, sannan babu inda aka wajabta cewa waya ta ci gaba da aiki lokacin canjin. Wanda ke jiran 2027 don ya zare batir yana kira zai daɗe yana jira.

Kafin ka biya

In mai kanti ya rantse maka cewa tana canzawa a kunne, gani ya kori ji. Saka layinka, kira wani, ka ce ya zare batirin a gabanka kiran na tafiya. In ya ce sai an jona caja, a jona, a sake gwadawa sau biyu. Ka tambayi farashin batir na biyu a ranar, ka ga shi da idonka, ka ɗora shi a kan tebur ka juya: in ya yi katantanwa, ya fara kumbura. Idan ka saya, kada ka jefa shi aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi, ƙarfe na haɗa ƙafafun nan sai wuta, kuma kada ka bar shi a gaban mota da rana.

Ƙanin nawa na tambaye shi sau nawa a yini ake samun minti biyu da babu kowa a gabansa. Ya yi dariya ya ce ai lokacin sallar azahar ma rufewa yake. Ya bar maganar Zebra da ya ji kuɗinta, ya ɗauki fawa bank mai mAh 20,000 da gajeriyar igiya, ya ce maganar XCover sai wayar hannunsa ta gaji.