Kalibir 20 a kafaɗar ɗan ƙanwata, bayan hunturu biyu

Ɗan ƙanwata shekararsa 22, amma in ka gan shi daga nesa sai ka ce ɗan makaranta ne. Siriri ne, nauyinsa bai fi kilo 50 ba, hannuwansa kuma gajeru. Tun yana ƙarami yake bina daji a nan ƙasar Tawa ta Nijar, yana riƙe mini gora da jaka. Da ya isa riƙe bindiga, sai na miƙa masa tawa, tsohuwar kalibir 12 mai baki ɗaya, irin wadda ake gani a hannun mahalba a yankinmu na Adar.

Halbi uku ya yi ranar. Da dare uwarsa ta kira ni, na tarar tana gasa masa kafaɗa da tsumma da ruwan zafi, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Ciwon bai dame ni ba kamar abin da na lura da shi daga baya. Wata rana na ba shi bindigar babu harsashi a ciki, ban faɗa masa ba, na ce ya auna wani kwali da muka jingina da gindin gawo. Yana taɓa kunama sai ya rufe ido, ya noƙe wuya, bakin bindigar ya yi ƙasa kusan taƙi guda, alhali ba abin da ya tashi. Tsoron shurin ya riga ya shiga jikinsa. Ya ce mini, "Kawu, wallahi ban san ina yin haka ba." Na san gaskiya ya faɗa.

Wannan ne ya sa na nemo kalibir 20, ita ma mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi.

Mutane da yawa suna zaton 20 ta fi 12 girma. Ba haka ba ne. Asalin lissafin na Turawan Ingila ne: a raba dalma mai nauyin fam ɗaya, wajen giram 454, zuwa dunƙule masu cika bakin bindigar. In an samu 12, kalibir 12 ke nan, in an samu 20 ka ga kowane dunƙule ya fi ƙanƙanta. Bakin 12 faɗinsa wajen milimita 18 da rabi ne, na 20 bai cika 16 ba. Harsashin da nake sa wa tawa dalmarsa giram 32 ce zuwa 36, nasa kuwa 24. Wannan ragin shi kafaɗa take ji.

Sai dai a yi hattara a nan, don ni ma na kusa yin kuskure. Bindiga in ta cika rashin nauyi, shurinta ƙaruwa yake. Kalibir 20 marar nauyi da aka ɗura wa giram 28 ba ta da wani sauƙi a kan 12 mai nauyi. Na gwada da kaina na ji, shi ya sa muka tsaya a 24. Gindin bindigar da na nemo masa kuma ya yi masa tsawo, sai ya miƙa wuya kafin idonsa ya hau kan baki. Kafinta ya rage mana kusan santimita 3, baduku ya lika roba mai kauri a wurin. Na ƙara masa abin toshe kunne, don rabin firgitar daga ƙarar take zuwa.

Sati uku ban bar shi ya halbi mai rai ba, kwali kawai, daga taki 20, sannan 25, sannan 30. Ranar da ya fara samun zabuwar daji, a wata gonar hatsi da aka gama girbe, na tsaya bayansa ina kallon fuskarsa maimakon tsuntsuwar. Idanunsa biyu a buɗe har ƙarar ta wuce. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashi lamba-lamba ne, na lamba 4 sun fi na 6 girma. Da dalma lamba 6 yana samun fakara da hasbiya da zomo, zabi kuwa lamba 4 ta fi kama su. Abin da ya wuce taki 35 na hana shi, domin ƙwayoyin sun yi kaɗan, raunata tsuntsu kawai za a yi ya je ya mutu a banza, kuma wannan ba na so.

Wani abokinsa ya kawo masa zancen .243 Winchester da ya gani a waya. Gaskiya harsashi ne mai sauƙin shuri, tun 1955 ake yinsa, a Amurka shi ake yawan ba samari don barewarsu. Amma ƙwaya ɗaya ce mai tafiya nesa ƙwarai, ba ta zabi ba ce, kuma dajinmu cike yake da makiyaya da dabbobi. Ita ma ƙaramar bindigar nan da ake kira .410 ban ba da shawararta ba, dalmarta ta yi kaɗan ga mai koyo.

Inda 20 take da wahala shi ne harsashi. Na 12 ba ya wuyar samu, na 20 kuwa sai na yi saƙo Yamai in jira, kuma ya fi tsada. Wanda ba zai iya wannan ba, ya nemi harsashin 12 mai giram 24 ko 28, ya gyara gindin bindigarsa, zai ga sauƙi.

Ga wani haɗari ga gidan da yake da duka biyun. Harsashin 20 in ya shiga bindigar 12, zamewa yake ya maƙale a cikin bututun. Mutum ya ga kamar babu komai, ya ɗora na 12 a baya, bindiga ta fashe a hannunsa. Yawancin na 20 ruwan ɗorawa ne don a gane su, amma ban dogara da launi ba: jakarsa daban, tawa daban.

Takardu kuma kafin komai, na riƙe bindiga da na halbi, kamar yadda doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sha'anin halbi a Nijar. Da halin tsaron da ake ciki a arewacin jiharmu, ba ma fita sai da su a aljihu, kuma ba ma yin nisa da garuruwan da aka san mu. Yanzu saura masa harsashi 11 a kwali, na riga na aika a sayo wasu kafin ɗari ya shigo.