Wata uku da GeoGebra a gidanmu

Ɗiyata tana aji huɗu na kwaleji, bana za ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, kuma lissafi ne ke hana ta barci. Ni kuwa tela ne a kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram, abin da na koya a lakwal ya daɗe da bin iska.

Da farko wata manhaja muka sa, irin wadda ake ɗaukar hoton tambaya ta fito da amsa. Ba zan kama sunanta ba. Sati biyu muna murna, sai mushen lissafi ya maido da kayenta jawur da jan biki. Ashe 1 ɗin da yaranmu ke rubutawa mai dogon hanci, 7 take karanta shi, yarinya kuma ta kwafe ba ta duba ba.

Shi mushen ne ya ce a gwada GeoGebra, wata manhajar lissafi da ake zane a cikinta. Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara haɗa ta a 2001 yana ɗalibi a Jami'ar Salzburg. Ko dala ba a biya, akwai Faransanci a ciki, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Mai sayen kati na dala ɗari ya san darajar wannan.

Daren da ta shiga raina, muna zaune a tabarma bayan isha'i. Ɗiyata ta zana da'ira, ta ja layi ya ratsa tsakiyarta, ta ɗora ɗigo a kan zoben da'irar ta haɗa shi da bakin layin biyu. Sai ta sa yatsa tana jan ɗigon, dama da hagu. Zanen yana miƙewa yana tsukewa, amma kusurwar da ke kan ɗigon tana nan a digiri 90, ko gezau. Ta ce, "Baba, dubi, ta ƙi motsi!" Wata guda tana haddace wannan ƙa'ida kamar karatun allo, sai ranar ta gan ta da ido. Ni ma na tuna da magina a unguwar Birni, masu auna santimita 60 da 80 su nemi 100 don kusurwar ɗaki ta miƙe. Ashe ƙa'idar lissafin nan ta Pitagoras ke nan.

A aljabara ma ta yi amfani. Ɗiyata ta warware x² − 5x + 6 da hannu ta samu (x − 2)(x − 3), sannan ta shigar, zanen da ya fito ya yanke layin x a kan 2 da 3, ta san ba ta ɓata ba.

Hujjar da mushe ke ba wa maki kuwa, daki-daki da Faransanci, wannan aikin kaye ne da kwampa, kuma ranar jarrabawa ba a shiga da waya. Shi ya sa na kafa doka: sai ta gama da hannunta nake miƙa mata wayar. Ƙanenta har ya fara naci, wai shi ma a bar shi ya ja ɗigon.