Keken jariri, jakar goyo ko majanyi: wanne ya dace da zuwa kasuwa?

Da zarar an yi arba'in, mai jego ta fara leƙa waje, sai maganar yadda za a fita sayayya da jinjiri ta taso. Wasu tun a kayan suna ake kawo musu keken jariri, wasu kuma maigida ne zai ce a faɗa masa wanda zai sayo. Shawarata ita ce kafin a taɓa aljihu, ki fara duba inda kike cefane da abin da kike hawa zuwa can, domin su ne za su yanke hukunci.

Idan sayayyarki a Kantin Kwari ce, ko Sabon Gari, ko Kurmi, to keke ba zai amfane ki ba. Layukan matsattsu ne, ga masu baro da 'yan dako suna ta "hanya, hanya", ga kwatoci da ba a rufe ba. Yaron da ke cikin keke yana ƙasa ne, daidai inda ƙura da hayaƙin janareto suke, kuma daidai inda ƙafar baro take wucewa. A irin wannan wuri goyo ya fi komai. Zani da majanyi ba sa cin kuɗi, hannuwanki biyu suna sake, yaro yana jin ɗuminki ya yi barci. Yadda ƙafafunsa ke buɗewa su rungumi ƙugunki ma zama ne mai kyau ga ƙashin kwatangwalonsa. Matsalar goyo biyu ce. Ba kya ganin fuskarsa, don haka idan kin yafa mayafi ko hijabi ya rufe shi, ki riƙa dubawa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano kan haura digiri 40. Sannan wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ta jira likita ya ba ta izini kafin ta ɗaure zani a kan ɗinki.

Jakar goyo ta zamani, mai madaurin kafaɗa da ƙugu, ta fi dacewa da iyaye maza, kuma ina jin daɗin ganin uba ya rataya ɗansa a ƙirji matarsa tana zaɓen kaya. Sai dai kasuwa cike take da masu arha waɗanda mazauninsu siriri ne, ƙafafun yaro na reto. Ki nemi mai faɗin mazauni, wadda ke tallafe cinyoyi har zuwa bayan gwiwa, mai ɗamara mai kauri a ƙugu don kada nauyi ya taru a wuyanki. Fuskar jariri ta kasance a buɗe kina ganinta, haɓarsa kada ta manne da ƙirjinsa, domin hakan na toshe numfashi. Mai kaurin soso kuwa tana sa gumi sosai, gara ta auduga ko mai raga.

Keke yana da ranarsa. A manyan kantuna masu shimfiɗaɗɗen daɓe, irin Ado Bayero Mall a Kano ko Jabi Lake Mall a Abuja, ko ranar rigakafi da za a daɗe a layi, ko ga mai tagwaye da mai ciwon baya, hutu ne babba. Iri biyu aka fi samu. Akwai babba mai nauyin kilo 10 ko fiye, mai manyan tayoyi da kwando a ƙasa, wanda ke jure hanya mai gargada amma sai da but ɗin mota. Akwai ƙarami mai naɗewa kamar lema, kilo 5 zuwa 7, wanda za ki iya shiga adaidaita sahu da shi. Yawancin ƙananan nan bayansu ba ya kwanciya sosai, alhali jaririn da bai kai wata 6 ba, wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, dole ya kwanta a miƙe. Wanda ya sayi ƙaramin don jinjirin wata biyu ya sayi abin da zai ajiye sai bayan watanni. Idan guda ɗaya za a saya, kuma babu mota a gida, a nemi mara nauyi wanda bayansa ke kwanciya gaba ɗaya.

A gaban mai kanti za ki gwada komai. Ki naɗe keken da hannu ɗaya, tunda ɗayan hannun yaro ne a ciki. Ki taka birki ki tura ki ga ko zai motsa. Ki ƙirga madaurin: biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. Ki leƙa jikin ƙarfen ko akwai lambar EN 1888 ta Turai ko ASTM F833 ta Amurka, alamar an ƙera shi bisa ƙa'idar aminci. Ƙananan tayoyin roba suna nutsewa a yashi, masu iska kuma ƙaya da ƙusa na fasa su, don haka manya masu cike da soso sun fi zama lafiya da hanyoyinmu.

Na gwanjo ba laifi ba ne, sau da yawa ƙarfensa ya fi na sabo mai arha ƙwari. A duba tsatsa a gaɓoɓin naɗewa, a tabbata maƙallin madauri yana kamawa, a wanke yadin da sabulu a shanya a rana kafin a sa yaro.

Abu biyu nake yawan gani da ke tayar mini da hankali. Na farko, rataya ledojin cefane a hannun keke: nauyin na rinjayar da shi baya, ya kife da yaro a ciki. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su, masu nauyi kuma a ba ɗan dako. Na biyu, lulluɓe keke da zani ko tawul don kare rana. Iska ba ta shiga, zafi na taruwa a ciki, kuma ba kya ganin halin da yaron yake ciki. Rumfar keken ta isa, a ƙara gidan sauro mai raga idan yamma ta yi. Matakala mai tafiya da kanta kuma ba a hawa da keke, a nemi lifta ko a ɗauki yaron a hannu wani ya riƙe keken.