Wani gareji wajen Ƙofar Ƙaura: hannu da kyau, amma babu mai duba bayan aiki

Shekara 19 na yi ina gyaran ƙananan jiragen sama, irin su Cessna 172 mai kujera huɗu, kafin na dawo gida Katsina. Shi ya sa ba na iya barin mota a gareji in tafi shan shayi. Sai na tsaya a kai.

Ranar Talata na kai tsohuwar Corolla wani gareji wajen Ƙofar Ƙaura a canza mini birki. Maigidan mutumin kirki ne, kuɗinsa ba zalunci. Yaronsa ma ya burge ni, don sai da ya ƙirga sifanoninsa kafin ya ce ya gama. Haka muke yi a wurin jirgi, gudun kada a manta ɗaya a cikin inji.

Wajen mayar da taya ne aka samu matsala. Yana cikin ɗaure notuna aka kira shi a waya, da ya dawo sai ya koma ɗaya gefen. Na sa hannu, biyu suna juyawa. Na ce, "Malam, wa ke duba bayan yaron nan?" Ya ce, "Haba Alhaji, ai ya saba."

Sabawar ce abin tsoro. A jirgi, in ka taɓa wayoyin da matuƙi ke sarrafa shi da su, dole wani daban ya sake dubawa ya sa hannu a takarda. A 1990 gilashin gaban wani jirgin Ingila ya fice a sama, saboda ƙusoshi 84 cikin 90 sun yi siriri. Gogaggen ma'aikaci ne ya ɗaura su cikin dare, da ido ya auna.

Maigidan dai ya ɗaure notunan da kansa, ya ba ni haƙuri. Zan koma, amma da sifanata a but.