Sifanar filta: mai kofi ko mai sarƙa?

Ɗan'uwa, ka ce filtar baƙin man motarka ta ƙi kwancewa da hannu, kuma ka rasa wacce za ka saya tsakanin sifana mai kofi da mai sarƙa. Kafin ka fitar da kuɗi, leƙa ka ga irin filtar da ke motar da kuma filin da ke kewaye da ita, don su ne za su yanke hukunci.

In filtar gwangwani ce, wadda ake murɗa ta ɗungurungum a jikin injin, duba ƙarshenta za ka ga an yi mata gefe-gefe. A kan waɗannan gefunan mai kofi take zama kamar hula, sai ka sa racet, wato mariƙin da ake juya ta da shi, a tsakiyarta. Sharaɗinta ɗaya: faɗi da yawan gefuna su zo daidai, misali milimita 65 mai gefe 14 da ke shiga filtocin Honda da Toyota da yawa. In ta ɗan yi yawa, zamewa za ta riƙa yi tana cinye gefunan har ka rasa abin kamawa. Amma fa ba ta neman fili a gefe. Ko filtar ta maƙale a lungu, muddin racet zai kai, an gama.

Mai sarƙa ba ruwanta da girma, duk filtar da ta samu sai ta cije ta. Tana lotsa gwangwanin, wanda ba damuwa ba ne tunda yar da shi za a yi. Matsalarta mariƙinta: yana son wurin lilo, kuma injinan yanzu a cushe suke. Mai bel ta fi ta sauƙin hali, sai dai da zarar mai ya jiƙa filtar ta fara santsi. Goge filtar da tsumma, ka ɗaura bel ɗin can kusa da inda filtar ta manne da injin, nan ƙarfen ya fi ƙwari. Akwai kuma mai ƙafa uku, da ake sa wa racet, kana juyawa hagu tana ƙara damƙa.

Idan kuwa filtar takarda ce da ke cikin gida mai murfin roba, to ka manta da sarƙa kwata-kwata, fasa murfin za ta yi. Toyota da yawa kofi milimita 64 mai gefe 14 suke so, wasu motocin Jamus kuma soket 32 ko 36. Ƙarfin ɗaurin yana rubuce a kan murfin, galibi 25 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin murɗi ne).

Dabarar soka sukudireba a cikin gwangwani kuwa, ban ba ka shawara ba. Sau da yawa yagewa yake yi, ya bar maka gindin a manne.

Ni dai in mota ɗaya gare ka, sayi kofin da ya dace da ita. Mai taɓa motoci daban-daban ya ƙara da mai ƙafa uku. Wajen ɗaura sabuwar filtar gwangwani kuma ajiye sifanar: tabbatar robar da ke bakin tsohuwar filtar ba ta liƙe a injin ba, shafa wa sabuwar ɗan mai, in ta taɓa injin ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye da hannu.