Kafin ka sauke VPN, duba hanyar da yake bi

Tun rufe Twitter da aka yi a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, nake fama da harkar VPN, wato manhajar da ke zagayawa da kai ta wata hanya don ka buɗe shafin da aka toshe, kuma abin da na gane shi ne sunan manhajar ba shi ne magana ba, furotokol ɗin da take hawa shi ne, wato tsarin da take bi wajen aika data. Namu rufewar mai sauƙi ce, kusan kowanne ka saka ya buɗe. A Chaina da Iran da Rasha kuwa na'urorinsu suna duba kamannin datar da ke wucewa, ko ba su karanta cikinta ba sun san VPN ce, kamar yadda kake gane ɗan unguwarku daga tafiyarsa ko ya yi rawani.

A cikin furotokol ɗin, WireGuard akwai gudu, ba ya cin batir, amma da ya yi sallama an san muryarsa. OpenVPN tsoho ne ga nauyi, shi ma an haddace shi.

Ni dai Shadowsocks ne nawa. A Chaina aka ƙirƙire shi a 2012, a bakin dodon kenan, kuma datarsa ba ta da wani tambari a goshi, tarkace kawai take kama da shi. Mafi sauƙi ka hau shi ta manhajar Outline, wadda Jigsaw na Google suka fitar a 2018, ka kama hayar ƙaramar saba taka (kwamfutar da datarka za ta riƙa bi ta cikinta) wajen dala 5 a wata, ka yanko mabuɗi, wato lambar shiga sabar, ka tura wa ƙannenka, kuma tunda adireshin naku ne ku kaɗai ba ya cikin jerin waɗanda aka riga aka toshe. Gaskiya Chaina ta koyi farautarsa, shi ya sa can suka koma VLESS da Reality mai shigar burtu da kamannin shafin intanet na gaske, amma saita shi ciwon kai ne. Psiphon kyauta ne, sai dai haƙuri da rashin gudu.

Inda na ƙone shi ne masu sayar da mabuɗi a Telegram. Wani ya karɓe min naira 5,000 wai mabuɗi na har abada, kwana 9 mabuɗin ya mutu, na yi magana ya yi bulokin ɗina. Kuma wallahi asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar tunanin cewa duk inda na shiga ta sabarsa na bi. Haka APK ɗin (fayil ɗin girka manhaja a Android) da ake yawo da shi a guruf wai VPN mai ba da data kyauta, in ya nemi izinin karanta SMS ko lambobinka goge shi nan take, lambar sirrin banki yake hari. Har na Play Store ka duba sunan kamfanin da kyau, jabu sun yi yawa.

In kuma sabis ɗin aka kashe gaba ɗaya irin na Zamfara a Satumban 2021, duk cikinsu babu mai yi maka komai.